Fijon Baba ba ta sayarwa ba ce

Fijo 504 ce, ƙirar GR, launin ruwan madara, haɗin Kaduna. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saye ta sabuwa fil a 1982, lokacin yana akawu a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Daga ƙofar masaƙar zuwa masana'antar PAN inda aka haɗa ta ba wata tafiya ba ce, shi ya sa yake ce mata 'yar unguwa. Injinta na asali ne, mai lita biyu da giya huɗu, kujerunta ba a taɓa sake musu riga ba, tsohuwar baƙar lambarta mai KD kuma, wadda aka bar yayinta a 1992, tana nan rataye a bangon gareji. Tun da motar ta dawo hannuna, abin da ya fi cin lokacina a kanta shi ne ba wa masu tayi haƙuri. Gyara ma bai kai shi ba.

Abin da ban dariya ga wanda ya san yadda aka wulaƙanta 504 a ƙasar nan. A Faransa ta fara fitowa a 1968, shekara na zagayowa aka ba ta kambun motar shekara a Turai, PAN kuma ta fara aiki a Kaduna a 1975. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da ita motar manyan ma'aikata, daga nan ta zama ta malamin makaranta, ta alƙali, ta ɗan kasuwa. Faransawa sun daina ƙera salun ɗinta a 1983, mu a nan aka ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000. Yawanta ne ya jawo mata raini. Wagon ɗinta ta cika tashoshi, ana lafta mata fasinja da buhuna daga Kawo zuwa Kano, har Golf da Sharon da sauran motocin Beljiyam suka zo suka ture ta. Wadda ta gaji sai a kira 'yan gwangwan su auna ta a kilo. Kafin a farga masu lafiyar cikinsu sun zama ɗaiɗaiku, shi ne fa aka fara bin mu da muke da su.

Galibin masu tare ni ba saye ya kawo su ba. A gidan mai, ko a bakin masallaci bayan an sauko Juma'a, sai dattijo ya zagaya ta, ya shafa bonet, ya ce, “Malam, ta sayarwa ce?” Ina cewa a'a zai ce, “Ka kyauta, kada ka sayar,” ya shiga ba ni labarin tasa da ya rabu da ita lokacin SAP, shirin tsuke bakin aljihu na Babangida, ko wadda aka ɗauko masa amarya a ciki daga Katsina. Waɗannan labari ne ya cika musu ciki. Nakan buɗe musu bonet su leƙa, su yi gardama a kan kafireto, mu rabu da addu'a.

Dillali daban ne, kuma daga tambayarsa za ka gane shi. Shi ba ruwansa da ko ta sayarwa ce, cewa yake, “Alhaji, nawa ka sa mata?” Ni ban taɓa zuwa Makka ba, amma a bakin dillali kowa Alhaji ne. In ka ce ba a kasuwa take ba, sai ya yi murmushi ya ce ai babu abin da ba shi da kuɗi in ban da uwa da uba. Daga nan ya shiga kushe: kayan gyaranta sun ɓace, tana shan mai, makanikanta duk sun tsufa, nan da shekara biyu ko kyauta ka bayar babu mai karɓa. Bai gama rufe baki ba zai taya. In ka kuskura ka ce albarka, shi ke nan ka shiga ciniki, abin da ya rage a wurinsa ƙari ne kawai.

Wani maƙwabcinmu mai tsohuwar Marsandi ya taɓa shiga wannan tarko. Don ya rabu da dillali, sai ya ambaci kuɗin da yake ganin babu mai hankalin da zai biya. Washegari ga dillali da mai saye da shaidu biyu da kafin alƙalami a leda. Maƙwabcin ya ce wasa yake, su kuma suka ce an sa kuɗi an amsa, ciniki ya faɗa. Sai da maganar ta kai gaban mai unguwa, aka kira liman, aka sa shi ya rantse cewa bai yi nufin sayarwa ba, sannan ya ba dillali kuɗin wahala don a zauna lafiya. Motar ta tsira, amma har yau a majalisa akwai masu ce masa mai magana biyu. Liman ya ja mana kunne ranar, ya ce ciniki da furuci yake ƙulluwa, kada mutum ya sa wa kayansa kuɗi da baki alhali zuciyarsa ba ta saki ba.

Saboda haka amsata guda ce, ba ƙari ba ragi: “Ba ta sayarwa ba ce, na gode.” Ba na kawo dalili, don duk dalilin da ka ba dillali aiki ka ba shi. Ka ce ta gado ce, zai nemo sauran magada. Ka ce da ita kake zirga-zirga, gobe ya turo maka hoton Corolla a yi musaya. Ka ce sai ka yi shawara, ya ce to yaushe zai dawo. Ba na karɓar lambar waya, ba na bayarwa, ba na barin kowa ya hau kujerar direba da sunan ɗanawa. Wasu sukan ji haushi su ce ina fankama a kan tsohon gwangwani. Wannan ba ya damuna, wanda ya zage ta ya tafi ba ya dawowa. Mai yabonta ake shan fama da shi.

Inda abin ya fara ba ni tsoro shi ne ranar da wani ɗan'uwanmu da ke Abuja ya turo mini hoto ta WhatsApp, yana tambaya ko lafiya na sa motar Baba a kasuwa. Motata ce, a ƙofar gidana, har da darbejiyar da ke gefe, an rubuta cewa takardunta cikakku ne, ga farashi ga lambar waya. Na sa ƙanen matata ya kira a matsayin mai saye. Mai lambar ya ce motar wani tsoho ce da ke kwance a asibiti, iyalinsa na neman kuɗin aiki da gaggawa, a tura rabin kuɗi a riƙe ta kafin wani ya riga. Ni ne tsohon.

Dabarar a fili take. Ko dai ya karɓi kuɗin mutane ya kashe waya, su kuma su biyo hoto su zo ƙofata, ko in ya sami mai saye na gaske ya dawo ya matsa mini da kuɗi a hannu, ya ci la'ada gaba da baya. Na ɗauki hoton tallar yadda take, da lambar da ranar, na kai wa mai unguwa, daga nan muka je ofishin 'yan sanda aka shigar da rahoto, don in wani ya zo da shaidar tura kuɗi kada a ce da sanina. Na kuma rubuta a shafina na Facebook cewa duk wanda ya ba wani kuɗi a kan motar nan ya yi sadaka. Tallar ta ɓace bayan mai unguwa ya kira lambar da kansa. Daga ranar motar ta daina kwana a waje. Na adana hoton lambar shasi da ta inji, takardun asali suka koma akwatin Hajiya mahaifiyarmu, aka sa mata ɓoyayyen makunni mai yanke wuta da ƙarfen da ke riƙe sitiyari, tunda makullin 504 ba ya tsare wa gwanin ɓarawo komai. Yara da maigadin layinmu na gaya musu kada a buɗe wa kowa gareji ko da ya ce ni na aiko shi.

To wa ke nuna musu gida? Amsar tana wurin makanike. Makanikena dattijo ne, a PAN ya koyi aiki kafin a rage ma'aikata, kuma shi ke duba motar tun Baba na raye. Da na yi masa maganar bai musa ba. Ya ce, “Yaran nan ne, ana ba su na kati su faɗi mai mota da unguwarsa. Ni kaina an yi mini alkawarin kaso in na shawo kanka.” Na ce, “To Oga, me kuka ce musu?” Ya ce ya tambaye su, in aka sayar da ita wa zai riƙa kawo masa goro. Shi ne kuma ya ankarar da ni a kan masu sayen mota gunduwa-gunduwa. Wanda ya kasa samun ta gaba ɗaya zai nemi kafireton Solex na asali, ko fitilun gaba, ko zakin nan na tambari, yaro ya cire ya maye da na Panteka ko na Ƙofar Ruwa, kai ba ka sani ba sai ran da wani masani ya leƙa. Muka yi yarjejeniya: motar ba ta kwana a wurinsa, shi da hannunsa yake taɓa ta, duk abin da aka canza a ba ni tsohon a leda.

Duk wannan da baƙi ake yi. Tayin da ya fi girgiza ni daga cikin gida ya ɓullo.

Lokacin da Baba ya rasu an raba gida da gona da 'yan kuɗin da ya bari, motar kuwa aka ce a bar ta a hannun wanda zai iya kula da ita, wato ni, don a lokacin kuɗinta bai kai a tara mutane a kansa ba. Ba a rubuta komai ba. Haka ake yi a gidaje da yawa, babu mai tunawa sai ran da abin ya yi daraja. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi wa kowa zafi, wani dillali kuma ya gano shagon Yayanmu ya raɗa masa abin da za a biya. Yaya ya kira ni da daddare. Bai yi faɗa ba. Ya ce, “Kai kake hawa, kai kake cewa ba ta sayarwa ba ce. To da yawun wa kake faɗa? Ni ina da yara a makaranta, ƙanwarka mijinta ba shi da aiki. Haƙƙinmu yana fake a garejinka.”

Gaskiya ya faɗa. Ina iya lissafa masa abin da na kashe a fenti da taya da lagireto, amma wannan ba ya mayar da kayan magada nawa. Duk mai riƙe da tsohuwar motar gado yana korar masu saye, ya kamata ya san ko shi kaɗai ke da ikon cewa a'a.

Muka sake kiran malamin da ya raba mana gado. Ya ce a fara yi mata kuɗi, kuma kada in sa baki tunda ni ke son fansa. Aka tambayi makanike, aka kira wani mai sayar da motoci da ba shi da alaƙa da kowa a cikinmu, sannan aka kawo tayin dillalin Yaya bayan an cire la'adarsa. Ukun suka sha bamban ƙwarai. Malam ya ce tunda ga mai saye a tsaye da zai biya mafi tsada, adalci shi ne in ba 'yan'uwana abin da za su samu da an sayar masa. Na ji a jikina, amma ban yi musu ba. Aka fitar wa Hajiya tumuninta, ragowar aka kasa goma, mu maza uku kowa kashi biyu, mata huɗu kowace kashi ɗaya. Aka cire nawa, sauran ya zama bashi a kaina.

Hajiya ta ce a gaban shaidu ta bar mini nata. Babbar yayarmu ita ma ta ce ba ta karɓar ko kwabo, sharaɗinta ɗaya, ran da za a kai 'yarta ɗaki a motar kakanta za a kai ta. Sauran na biya su da kuɗin adashi da wani ɗan fili da nake da shi a bayan Rigasa, kashi-kashi, kowane biya da sa hannu. Yaya ya nemi a rubuta cewa in na tashi sayarwa su zan fara yi wa magana. Malam ya ce haƙƙin shuf'a, wato fifikon abokin tarayya wajen saye, a kan gida da gona yake, bai shafi mota ba, kuma ba ya son a cusa sharaɗi a cikin cinikin. In mun yarda, a rubuta shi daban a matsayin alkawari. Haka aka yi, takarda biyu. Da takardar rabon da ta rantsuwa daga kotu na je ofishin lasin aka mayar da mallaka da sunana, na sabunta inshora. Zaryar ofis ce irin wadda kowa ya sani. Da dillalin ya koma shago, Yaya ya ce masa shi ba shi da mota.

Tunda ta zama tawa ni kaɗai, na sami damar amsa wani tayi mai sauƙi. 'Yan fim ne daga Kano suke son hayarta a wani shiri da ya shafi shekarun 1980. Na yarda bisa sharaɗin ni zan kai ta in dawo da ita a ranar, ba liƙa mata komai, ba hawa kan bonet, a kuma rufe lambarta. Jarumin ya zauna ya riƙe sitiyari, yara suka tura ta daga baya, don bai iya giyar hannu ba. Kuɗin hayar ya sayi batir. A can ma sai da mai ɗaukar hoto ya ja ni gefe ya ce yana da wani mutum a Legas.

Sai kuma Alhaji, wannan karon na gaske. Attajiri ne mai tara tsofaffin motoci, irinsu kuwa ba sa tayi a bakin titi. Gab da azumi direbansa ya sauke mini buhun shinkafa da katan ɗin sukari da shadda, ya ce Alhaji na gaisuwa, ya ga motar a wurin wani ɗaurin aure ta burge shi. Ko kalmar saye ba a ambata ba. Mayar da kyautar babban mutum cin fuska ne, riƙe ta haka kawai kuma ɗaure kai ne, don ran da buƙata ta biyo baya kunya za ta hana ka motsi. Matata ce ta warware. Ta ce a karɓa a yi godiya, a kuma rama a cikin makon. Muka haɗa zuma mai kyau da man shanu da turaren wuta na Maiduguri aka kai. Bai kai nasa tsada ba, amma ya isa a gane cewa gaisuwa aka amsa da gaisuwa.

Bayan Sallah saƙon ya iso ta bakin da ba zan iya kaucewa ba. Aminin Baba ne tun suna samari a Kakuri, shi ya karɓa mini aure, Kawu muke ce masa. Ya tako har gidana, abin da bai saba ba. Bayan an gaisa ya ce, “Ɗana, Alhaji ya roƙe ni alfarma, ni kuma ina jin nauyinsa. Motar nan yake so. Ya ce ka faɗi duk abin da ka ga dama.”

Amsar da nake ba dillali ba ta faɗuwa a gaban Kawu. Na ce, “Kawu, na ji saƙonku. Ku yi mini haƙuri zuwa gobe, ni zan zo gida in same ku.” Na tafi da Yaya da takardun nan biyu. Yaya ne ya yi bayani, don an fi jin maganar daga bakin wanda ya so a sayar tun farko: yadda aka yi mata kuɗi, filin da na rabu da shi, alkawarin da ke tsakaninmu. Ni na ɗora da cewa, “Kawu, ba ƙin maganarku na yi ba. Raina ne bai saki ba, in kuwa na amsa don kunyarku, zan ci kuɗin Alhaji ina jin haushinsa.” Ya yi shiru, sannan ya karanto ayar Suratun Nisa'i da ta ce kasuwanci sai da yardar juna, ya ce abin da aka karɓa da kunya ba ya albarka. Har ya yi dariya ya ce shi dai ya isar da saƙo, da na amsa ma da ya ji wani iri, don a motar nan suka je Sakkwato ta'aziyya shi da Baba, taya ta yi ta fashe musu kafin su kai Gusau. Shawara ɗaya ya ba ni: kada in bar shi ya kai amsar. In ɗauki motar in je da kaina, babban mutum ya fi jin zafin a ƙi shi ta bakin ɗan aike.

Na je. Rumfa ce doguwa a bayan gidansa, ga Marsandi ta shekarun 1970, ga Bitil, ga Land Rover, ga 404 akori-kura, kowace a goge, da yaro mai tayar da su duk mako. Mutumin ya san mota. Bai kula fenti ba, durƙusawa ya yi da babbar rigarsa ya leƙa ƙarƙashi yana neman tsatsa da alamar walda. Ya ce abin da ya sa 504 ta ci hanyoyin Afirka shi ne tsayinta daga ƙasa da laushin shokozobanta da ƙarfin da ke tayoyin baya, ya tuna mini cewa ita ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975. Na miƙa masa makulli, shi kaɗai na taɓa yi wa haka a cikin masu nema, ya zagaya harabar gidan da ita ina gefensa. Da ya kashe inji sai ya faɗi adadi.

Ba zan rubuta adadin ba, dillalai ma suna karatu. Ya dai ninka kuɗin da aka yi mata a gaban malam, ya isa ya dawo mini da filina, ya kuma rufa ɗakuna biyun da na daɗe da tsayarwa a linta. Na ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni lokaci in yi shawara da iyali,” kuma da gaske nake.

A gida matata ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Ta ce, “Malam, mota ce fa, ba ɗa ba. Kana zuba mata mai a wannan tsadar don ka je Juma'a ka dawo, yara kuma sun girma suna cunkushe a ɗaki ɗaya.” In dai lissafi ne ta fi ni gaskiya, kuma ban ga laifin duk wanda ya sayar da tasa a irin wannan hali ba. Tsohuwar mota ba ta haihuwa, ci take yi. Abin da na iya gaya mata shi ne, ban daɗe da fansar ta daga hannun 'yan'uwana ba. In na juya na sayar da ninki halal ne a shari'a, amma Yaya zai riƙa lissafin abin da ya kuɓuce masa har mu mutu, Hajiya da yayarmu da suka bar mini nasu kuma ba don in ci riba suka bari ba. Kuɗin za su shige cikin bulo da kwano kafin damina ta fita, motar da take gida ɗaya tun daga masana'anta kuwa ba zan sake samun irinta ba.

Ta ce to yaushe za a sayar, ko sai ta ruɓe? A nan muka tsayar da magana, kuma ina ganin ita ce ta fi amfani a duk abin da na yi a kan motar nan. Yawan kuɗi ba zai sa a sayar ba. Larura za ta sa: ciwon da ke neman kuɗin da ba mu da su, ko karatun yaro ya tsaya, ko bashin da ya kai ga zubar da mutunci. In ɗaya ya faru ba sai ta roƙe ni ba. Ta ce in maimaita a gaban Hajiya, na maimaita. Dillalin da ya karanta wannan ya zauna jiran ciwona, ya sani akwai mutane da yawa a gabansa.

Na koma wurin Alhaji na ce, “Ranka ya daɗe, na gode da karamci, amma ba zan iya rabuwa da ita ba.” Bai ƙara ko sisi ba, abin da ya ƙara masa girma a idona. Ya ce shi ma akwai wadda ake bin sa a kanta shekara da shekaru. Ya nemi in ta kama a fara sanar da shi, na ce 'yan'uwana ne a gaba a rubuce, shi ke bin bayansu. Ya ce ya yarda da layin.

Kafin in fito ya sa aka ba ni lambar wani mutum a Kwatano da ke kawo masa kayan tsofaffin Fijo daga Faransa. Robar gilashin gaba ta daɗe tana yoyo da damina, na nema a Panteka ban samu ba sai ta jabu mai tsagewa a rana. Na yi oda, ta iso ta hannun direban Alhaji, makanike ya gwada ya ce ta 505 aka turo. An mayar, ana jiran ta daidai kafin ruwa ya sauka. Yayarmu kuma ta aiko cewa an sa ranar bikin 'yarta bayan Babbar Sallah, in tabbatar birki na ci.